Faranti a Kan Rumfa

"Waya biyu na jona jiya, kuma ɗaya taka ce," in ji Haulatu. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar wake.

"Biyun da na gani ke nan," in ji mijinta Nata'ala.

"To je ka nemo waɗanda ba ka gani ba, su zo su ba da shaida."

"Fanka fa?"

"Wace fanka? Yau sati uku da ka naɗe ta a leda ka ɗora a kan sif. Da mafici nake kwana kamar kakata. Tambayi hannuna."

Nata'ala bai tambayi hannun matar tasa ba. Yana tsugune a ƙofar ɗan ɗakin ajiya, ya zuba wa injin ƙyanƙyasa ido, injin kuwa sai kuka yake, ƙit, ƙit, ƙit, irin na abin da wuta ke shirin ƙare masa. Tun da aka idar da sallar asuba yake wannan kukan. Batirin da ke ba shi wuta ya yi ƙasa ƙwarai, alhali jiya rana yini ta yi tana dukan farantin sola da ke kan rumfa. Ko dai wani abu ya shanye wutar, ko kuma wani abu ya hana ta shiga. Shi ya fi son na farkon, don na farkon yana da wanda za a yi wa faɗa.

A cikin injin akwai ƙwan zabi arba'in da huɗu. Yau kwanansu ashirin da biyar, nan da kwana biyu ko uku ya kamata su fara fashewa. In suka kwana ɗaya cikin sanyi, shi ke nan, sai dai a haƙa musu rami. Kuma ba nasa ba ne. Na Adda ne.

Adda yayar mahaifinsa ce. Marigayin ne yake kiranta haka, yadda ake kiran babbar 'yar'uwa da Fillanci, sai gida ya ɗauka, unguwa ta ɗauka, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Zabinta goma sha ɗaya, kuma zabuwa ba ta yin ƙwai inda ido zai gani. Kwana takwas tsohuwar nan ta yi tana bin su cikin gero da sassafe, raɓa har ƙugu, kafin ta gano inda suke zubawa a gindin wata sabara. Su ne na ƙarshe a bana. Damina ta kusa tafiya, zabi kuwa ba sa ƙwai da rani.

Ran da ta shigo da su a ƙwarya, shi ya tare ta a tsakar gida. Bai fi sati da sayo injin ba, hannunsa na ta ƙaiƙayi.

"Ki ba ni su, Adda. Ko ɗaya ba zai lalace ba."

Ta dube shi, ta dubi akwatin, ta sake dubansa. "Ka faɗa," ta ce, ta miƙa masa ƙwaryar. Kalmomin nan biyu su ne yau suka hau masa wuya suka zauna.

Ga ta can ma a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa a tabarma, da wata ƙwarya rufe da faifai a gefenta.

"Nata'ala, yau ba Alhamis ba ce?"

"Alhamis ce, Adda."

"Na ga babur a jingine. Ko an ɗage kasuwar Maigatari?"

"Tana nan. Ni ne yau ina gida."

"Duk yinin?"

"Sai na ga abin da ya sami wutar nan."

Adda ta ce, "To," ta ɗan janyo ƙwaryar jikinta. Haulatu ta ƙara sunkuyar da kai cikin wake. Da hankalinsa na wurin, da ya lura. Ba ya wurin.

Aikinsa ɗaukar mutane da kaya ne a babur, daga Gagarawa Tasha zuwa Gumel, ran kasuwa har Maigatari. Yakan fita kafin rana ta yi zafi, ya dawo bayan la'asar. Solar nan kuwa da hannunsa ya haɗa ta, faranti ɗaya, batir ɗaya, da ɗan akwatin da ke raba wuta tsakaninsu, wanda ake ce wa kwantirola. Tun ranar Haulatu ta raɗa masa suna Injiniya. In tana jin daɗinsa takan faɗi sunan a gajarce. In ba ta ji, sai ta ja shi.

Ya fara daga ƙasa, inda ya fi sauƙi. Ya zare fis ya ɗaga shi a rana, lafiyarsa lau. Ya kwance kawunan batir, ya kankare koren garin da ya taru a jiki da bakin wuƙa, ya mayar ya ɗaure tamau. Ya bi kebul ɗin tun daga ɗakin ajiya, ta bayan randa, ta jikin katanga inda awaki suka saba goga jiki, yana murza shi da yatsa kamar mai neman ƙaya a ƙafa. Babu cizo, babu yanka. Ya dawo ya tsaya gaban kwantirola. A fuskarsa akwai wani ɗan hoton rana da ke fitowa duk lokacin da wuta ke shigowa. Yau babu shi. Ya ɗaga kai. Ta sama tana nan, ƙatuwa, har ta fara cizon ƙeya.

"Injiniiiya," in ji Haulatu, "ko a kira wanda ya iya?"

"Kawo mini ruwan ɗumi a jarka biyu, da bargo."

Ta tashi ta kawo, don ita ma ba ta so ƙwan su mutu. Suka jingina jarkokin jikin injin, suka lulluɓe shi, suka bar ɗan gilashin gaba a buɗe. Ƙit, ƙit, ƙit, daga ƙarƙashin bargo.

Ya ɗauko tsani da mitarsa ta gwada wuta, ya hau rumfa. Rumfar ta kara ce, a tsakiyar gida take, ba bishiya kusa, ba bango. Shi ya sa ya zaɓe ta tun farko. Ya cire kebul daga faranti, ya ɗora bakunan mita biyu, ja da baƙi. Ranar da ya sayo farantin, ashirin da ɗaya ta nuna. Yau goma da rabi. Ya kashe mitar ya kunna, ya ɗan buga ta a tafin hannu. Goma da rabi. Batirinsa na sha biyu ne. Goma da rabi ba za ta tura komai cikinsa ba, ko da rana za ta sauko ta zauna a kan rumfar.

Ya shafa gilashin. Ba tsaga, ba kashin tsuntsu, ba ƙura. Tas yake, har ya fi madubin ɗakinsu. Ya ce a ransa aikin ruwan sama ne. Sai kuma ya dubi gabas. Can ƙasa-ƙasa ta fara yin shuɗi mai duhu. In hadarin nan ya taso kafin batir ya sha wani abu, daren yau sanyi ne da injin a mace.

Ya ciro waya ya kira Sajo, mutumin da ya sayar masa da farantin a kasuwar Maigatari. Sajo ɗan Damagaram ne, shekarunsa goma yana harkar sola, kuma ba ya ce mata faranti, sai dai pano. Sai a kira na uku ya ɗauka. A bayansa shanu na kuka, dillalai na rantsuwa, layin kuma na rawa, don a bakin iyaka waya kan manta ƙasar da take.

"Bon, mi ya faru?"

Nata'ala ya gaya masa a taƙaice.

"Nawa mita ta ba ka?"

"Goma da rabi."

"Rabi ke nan. Rabin panonka ya yi barci. Kifa shi, akwai ɗan baƙin akwati a baya inda kebul ke fita. Buɗe. Za ka ga abubuwa biyu baƙaƙe kamar wake, kowane da ƙafa biyu. Diyod sunansu. Ɗaya ya ƙone, kuran, wutar ke nan, na zurarewa ta cikinsa."

"Me ya ƙona shi?"

"Inuwa."

"Babu inuwa, Sajo. A tsakar gida yake. Ko dogon yaro babu a gidan nan."

"Ni na ce maka icce? Ko takalmi ka ɗora masa, in dai kullum ne, wuri guda, da tsakar rana, sai ya ƙone. Wa ke ɗora masa kaya?"

"Babu kowa."

"Kowa haka yake ce mini. Wani hula yake shanyawa, wani wando. Akwai wanda na iske kaza ta yi sheƙa a kai, yana ce mini babu kowa. Ka ji, yanke wanda ya mutu, kar ka taɓa mai ran. Pano zai tashi. Amma daga nan har ka sa sabo, ko ganye kar ya kwanta masa. In ya kwanta, ba diyod ne zai ƙone ba, panon kansa ne. Ka zo gobe in..."

Layin ya tafi Nijar ya bar shi.

Ya kwance wayoyin ƙarfen da ya ɗaure farantin da su, ya ɗaga gefe ɗaya zai kifa shi. Nan ya gan su. Kiyashi ne, sun yi layi ɗaya tun daga gindin dirkar rumfa, sun hau, sun bi kara, sun bi bakin farantin, sun taru a kusurwar ƙasa ta hannun dama. Kiyashi ba sa cin gilashi. Ya karkata farantin ya sa rana ta kwanta masa a gicciye. Sai ga zane ya fito a kusurwar, siraran layuka na maiƙo a jere, irin sawun da 'yar tabarmar ciyawa ke bari. An goge, amma ba a goge duka ba. Ya leƙa bayan wurin. Farar fatar bayan ta kumbura ta yi ruwan ƙasa, kamar fatar da ta sha wuta.

Ya kai hanci ya shinshina.

Cuku.

Ya zauna a kan tsani. Cukun Adda ne, busasshen nonon nan da take matsewa falle-falle a 'yar tabarma ta shanya, yadda ta koya tun tana yarinya a can ƙetaren iyaka. Sati uku ke nan yana jiƙa shi a shayi kowace safiya. Shekaranjiya ma da bakinsa ya ce na bana ya fi na kowace shekara bushewa, ƙamas-ƙamas, ko ƙwayar yashi babu. Adda ta ce Allah ya yi albarka. Haulatu ta ƙware da shayi, ya ɗauka zafi ne.

Ya duba ƙasa. A gindin dirkar, daidai kusurwar, ga turmi a kife. Adda ba ta hawa turmi, gwiwarta ba ta yarda.

"Haulatu."

"Na'am."

"Zo."

Ta zo tana goge hannu a zane, ta tsaya a gindin tsani, ta ga inda yake kallo. Ta dubi turmin kamar yau ta fara ganinsa a gidan.

"Tun yaushe?" ya ce a hankali, don kar muryar ta kai ƙofar Adda.

"Me?"

"Haulatu."

Ta yi ajiyar zuciya. "Tun da nono ya yi yawa. Kusurwa ɗaya ce fa kawai, ko tafin hannu huɗu ba ta kai ba. In ka fita mu ɗora, kafin ka dawo mu sauke, in goge maka shi tas. Ka taɓa ganinsa da datti?"

"Kika bari ina ta zancen waya da fanka tun safe."

"Kai ka kawo zancen waya da fanka. Ni amsa na ba ka, kuma gaskiya na faɗa."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Adda ce ta ce in ɗora. Kai za ka ce mata a'a?"

Wannan ita ce matsalar. Da Haulatu ce kaɗai, da an yi faɗa an gama kafin azahar. Amma matar da ta goya ubansa, ba a tsayawa a kanta a ce ke kika ɓata. Kuma dole ta sani, don in gobe ya fita aka sake ɗorawa, farantin ya tafi gaba ɗaya, ƙwan suka bi shi.

Ya sauko da farantin, ya kifa shi a kan tabarma. Sannan ya je ya durƙusa a gaban Adda, nesa kaɗan, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

"Adda, na gano ciwon."

"Madalla."

"Abin nan, in kin lura, gida-gida ne a cikinsa, kamar talatin da shida. To wuta bi take ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar shanu a burtali da damina. Gona dama, gona hagu, hanya siririya, sai dai a bi a layi."

"Na san burtali."

"To in saniya ɗaya ta kwanta a tsakiya?"

"Na baya sun tsaya."

"Ba sa tsayawa, Adda. Turawa suke. Sai su sami shinge su ɓalla ta gefe. Yau su ɓalla, gobe su ɓalla, har shingen ya faɗi. Daga nan ko an tashi saniyar, ba mai sake bin burtali. Duk ta ɓarakar za su bi, ba mai isa rijiya."

Adda ta ƙura wa zanen ido. Ta shekara hamsin tana bin shanu, ba ta buƙatar a maimaita mata.

"Wace saniya ce ta kwanta?"

"Ta kusurwar ƙasa. Hannun dama."

"Wannan ba kwanciya ta yi ba," in ji Adda. "Kwantar da ita aka yi."

Ya ci gaba da kallon ƙasa.

"Amma tsaya in tambaye ka, ɗan nan. Ran da ka kawo abin nan a bayan babur, na ce mene ne wannan, me ka ce mini?"

"Na ce farantin sola ne."

"Faranti. Da bakinka. Ni kuma shekara talatin a kan rumfar nan nake shanya, kuɓewa, kuka, cuku, tun ubanka bai yi aure ba. Ka zo ka ɗora abinka, ba ka ce Adda ina za ki koma ba. Na ce ba komai. Na duba na ga faranti ne ƙato, mai santsi, ga ɗumi kamar an hura masa wuta a ƙasa, akuya ba ta kai, yashi ba ya zama. Na ce yaro ya yi hankali. Ban cinye maka ba. Gefe ɗaya na ɗauka, ɗan mitsitsi, na bar maka sauran duka. Na ce rana ta ishe mu mu biyu."

"Da ma duka kika rufe, Adda, da bai ƙone ba."

Ta ɗago. "Kana nufin karamcin da na yi ne ya ɓata?"

"Kusan haka."

"To wannan abu ba shi da tarbiyya." Ta juya wajen Haulatu. "Ke kuma kin ji. Faranti ne amma ba a zuba masa komai."

Haulatu ta toshe baki da gefen mayafi. Nata'ala ya miƙe kafin tasa dariyar ta fito, don bai gama fushi ba.

Ɗan baƙin akwatin da ke bayan farantin a manne yake. Ya sa bakin wuƙa ya bi gefensa a hankali har murfin ya ɓalle. Ƙaurin ƙonanniyar roba ya bugi hancinsa. Ga su nan biyu kamar yadda Sajo ya faɗa, baƙaƙe, kowane da ƙafa biyu a manne da ƙarfe. Na hagu sumul. Na dama ya tsage a ciki, robar da ke kewaye da shi ta narke ta daskare. Duk da haka bai yarda da ido ba. Ya ɗora masa mita ta wannan gefe, ta yi ƙara. Ya juya bakunan, ta sake yin ƙara. Abin da ya kamata ya bar wuta ta bi hanya ɗaya ya zama ƙofa a wangale. Shi ne.

Ya ɗauko filaya. Bakinta ya yi kauri, ba ta shiga. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can, har ta kusa gogar ƙafar mai ran. Ya janye hannu da sauri. Gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa zuwa bayan farantin. Iska ta ɗan motsa, mai sanyi, daga gabas.

"Almakashi?" in ji Haulatu.

"Ba zai ci ba."

"Askata fa?" in ji Adda. Ta taso har ta tsaya a kansa.

"Za ta karye."

Haulatu ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a tafin hannu. Abin yankan farce ne, ƙarami, mai hoton fure.

"Na cikin lefena ne," ta ce. "In ka karya shi, ka san inda ake sayarwa."

Ya karɓa. Bakin ya shiga daidai, kamar don aikin aka ƙera shi. Ya matsa. Ƙas. Ya matsa ɗaya ƙafar. Ƙas. Ɗan baƙin abin ya faɗo tafin hannunsa. Adda ta karɓa ta juya shi, ta kai kusa da ido.

"Wannan ɗan abin ne ya hana ka kasuwa?"

"Shi ne."

"Ko ƙwayar gyaɗa bai kai ba."

Ya mayar da murfin, ya liƙe shi da baƙin salatif, ya juya farantin ya fuskanci rana. Ya ɗora mita. Lambobin suka yi rawa suka tsaya. Ashirin da ɗigo takwas. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya saɓa farantin a kafaɗa, ya hau tsani, ya ɗaure shi a mazauninsa, ya jona kebul. Kafin ya sauko Haulatu ta leƙo daga ɗakin ajiya.

"Injiniya, ranarka ta fito."

A gajarce ta faɗa. Injin ya ƙara yin ƙit sau biyu, ya yi shiru.

Ya maimaita musu abin da Sajo ya ce. Daga yanzu har ya sayo sabo gobe, ko ganye kar ya kwanta wa farantin. Bai gama rufe baki ba wata zabuwa ta taso fir daga bayan danga, ta dira a kan rumfa, ta fara takawa wajen gilashin tana kallon kanta a ciki.

"Ke!" in ji Adda.

Ta zari wani dogon kara daga jikin danga, ta kai mata. Zabuwar ta tashi tana tsiwa. Adda ta ja tabarmarta ta dawo da ita gindin rumfa, ta zauna, karan a kan cinya. Nan ta yi azahar. Nan aka kai mata abinci. Kurciya biyu sun gwada, ɗan akuya ya gwada hawa turmi, wata leda ma iska ta kawo ta. Ba wanda ya kai gilashin.

Cukun da ke cikin ƙwarya kuwa, da Nata'ala ya waiwaya, ya gan shi an jera a kan kujerar babur, baƙar ledar nan mai ɗaukar zafi. Ya buɗe baki. Ya rufe.

Hadarin ya yi musu kara. Ya tsaya a gabas yana gurnani har bayan la'asar, rana ta samu awa huɗu cur tana aiki. Da gajimaren farko ya rufe ta, kwantirola na nuna batir ya haura rabi da kyau. Nata'ala ya yi lissafinsa a ka, ya sake yi. Da bargo da jarkokin ruwan ɗumi, zai kai safe. In ba a jona waya ba.

"Har da taka," in ji Haulatu.

"Har da tawa."

Saura abu ɗaya da ba wanda ya faɗa tun safe. Awannin nan da injin ya yi yana kuka, zafin cikinsa ya ɗan sauka. Ko ƙwan sun jure, ko ba su jure ba, mita ba ta gwada wannan.

Adda ta jingine karanta, ta shiga ɗakin ajiya tana dafa gwiwa. Ta kai hannu ga murfin.

"Ba a buɗewa yanzu, Adda. Sai sun fito."

Ta janye hannun. Ta durƙusa da kyar, ta ture gefen bargo, ta zame ɗankwali daga kunne ɗaya, ta manna kunnen jikin akwatin. Ta ɗaga yatsa. Haulatu ta tsaya a ƙofa da ƙwaryar cuku a hannu. A waje yayyafi ya fara buga kwanon ɗaki, ɗaya-ɗaya.

Shiru.

"Zo ka ji," in ji Adda.

Ya durƙusa ya sa nasa kunnen. Da farko sai ƙugin 'yar fankar ciki. Sai kuma, can ƙasa da shi, wani ɗan ƙwas, ƙwas. Ya tsaya. Ya sake. Daga wani gefen wani ya amsa da 'yar siririyar murya, tsiit. Ya leƙa ta gilashi. Ƙwai na uku a layin gaba ya ɗan tsage kamar kan allura ya taɓa shi.

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya so ya yi magana mai nauyi, ta wanda ya faɗa ya cika. Abin da ya fito kawai shi ne, "Suna nan."

"Suna nan," in ji Adda. "Akwatinka ya yi ƙoƙari."

Ta kama hannun Haulatu ta tashi, ta gyara ɗankwali. Ta tsaya tana kallon injin, tana kallon ruwan da ya fara zuba a tsakar gida, ƙasa na shan shi tana yin duhu. Nata'ala ya san wannan tsayuwar. Tambaya ce ke zuwa.

"Ɗan zabo ka san ba ya son sanyi," ta ce. "Raɓa kaɗai kashe shi take. Shi ya sa muke sa wa kaza ƙwan, ita ta ƙyanƙyashe, ita ta ja su, ita ta nuna musu abin tsattsaga, in hadari ya taso ta buɗe fiffike su shige. Sati shida tana wannan aikin. Ni kuwa bana ba ni da kaza mai kwanci ko ɗaya, tunda ka ce akwati ya isa."

Haulatu ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi injin, fari, mai kusurwa huɗu, ba ƙafa, ba gashi.

"To jibi in sun fito, su arba'in da huɗu," in ji Adda, "ƙarƙashin wa za su kwana?"